Wasiyyar Jinya: Yadda Ake Tsara Ƙarshen Rayuwa Kafin Cutar Mantuwa Ta Ci Ƙarfin Mutum

Mai ciwon daji ko ciwon zuciya yakan kai kwanakinsa na ƙarshe da bakinsa. Shi zai ce a kai shi asibiti ko a bar shi a ɗakinsa, shi zai faɗi wanda yake binsa bashi. Mai cutar mantuwa, wadda aka fi sani da gigin tsufa, ba ya samun wannan damar. Hankali yakan riga jiki tafiya da shekaru, sai a wayi gari ana shawarar a sa masa robar abinci ko kada a sa, shi kuwa yana kwance ba ya gane 'ya'yan cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar sun haura miliyan 55, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari kuma nau'in Alzheimer ne. Bayan an gano ta, mutum yakan rayu shekara 4 zuwa 8, wasu har 20. Amma lokacin da maganarsa ke da nauyi a gaban likita da alƙali gajere ne, kuma a farkon ciwon yake. A cikinsa ake yin yawancin aikin da za a bayyana.

Mataki na ɗaya: a tabbatar ita ce

Ba duk ruɗewar tsoho ba ce cutar mantuwa. Ƙarancin sinadarin B12, raunin aikin ƙulli na maƙogwaro da likitoci ke kira thyroid, ciwon damuwa, taruwar jini a ƙwaƙwalwa bayan faɗuwa, da wasu magungunan barci duk suna kama da ita, kuma ana maganinsu. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa yawanci wani ciwo ne daban, kamar na mafitsara ko huhu ko hawa da saukar suga, asibiti take buƙata a ranar. Cutar mantuwa a hankali take shiga, wata da watanni.

A kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko likitan taɓin hankali, a asibitin koyarwa ko asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato. Wanda ke kwana da tashi da shi ya raka shi, ba ɗan da ke da mota kaɗai ba, kuma a juye duk magungunan da yake sha a leda a tafi da su, har na gargajiya. A tambayi likita nau'in cutar, domin yana sauya lissafi. Wadda ke zuwa ta toshewar hanyoyin jini tana sauka mataki-mataki, shanyewar ɓarin jiki guda na iya ɗauke maganar mutum dare ɗaya. Mai ita ba ya da lokacin jira.

Mataki na biyu: a auna ko zai iya yanke shawara

Samun cutar ba ya nufin an daina jin ta bakinsa. Mutum na iya kasa lissafin kuɗin gona amma ya san sarai wanda ya amince wa a cikin 'ya'yansa. Don haka ana auna hankalinsa ne a kan kowace magana daban, da abubuwa huɗu: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi na ɗan lokacin da za a tattauna, ya auna amfani da illa, ya faɗi zaɓinsa. Kada a tsaya a kan "to" ko gyaɗa kai. Tsofaffi da yawa sun iya rufe gazawarsu da fara'a. A ce, "Baba, ku maimaita mana da bakinku abin da likita ya ce," sannan a sake tambaya bayan kwana biyu ko uku a ga ko amsar ba ta canza ba.

A yi zaman da hantsi, bayan ya karya ya huta. Da la'asar zuwa magariba ruɗewa ke ƙaruwa ga masu wannan cuta. A sa masa tabaransa, a kashe rediyo, kada a tara masa mutane.

Mataki na uku: hirar kanta

Nan ake cijewa. 'Ya'ya na jin nauyi, kada a ce suna yi wa mahaifinsu fatan mutuwa. Ga Musulmi, hadisin Ibn Umar da ke cewa bai kamata mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba ya isa ya buɗe ƙofa. In 'ya'ya ba za su iya ba, a ɗora wa amininsa, ko ƙanensa, ko limami ko faston da yake jin maganarsa.

Kada a fara da na'urori da allurai. A fara da rayuwarsa. "Hajiya, in jiki ya yi nauyi, a ina kuka fi son a yi jinyarku, nan ɗakinku ko gidan Yaya?" "Wa kuka yarda ya yi muku wanka da tsarki?" Wannan tambayar ta fi yadda ake zato muhimmanci: dattijo da yawa ya gwammace komai da a ce 'yarsa ko surukarsa ce ke canza masa ƙunzugu, amma sai an tambaye shi zai faɗa. Sai a matsa gaba: me ya fi tsoro, zafin ciwo, ko zama nauyi a kan mutane, ko mutuwa a asibiti? Ya yarda a sayar da gona ko gida don jinya, ko bai yarda ba? In ya daina gane kowa kuma ciwon huhu ya kama shi, a kwantar da shi ko a yi masa magani a gida? A ina za a binne shi?

Zama uku ko huɗu na minti 20 zuwa 30 sun fi zama ɗaya mai tsawo. A rubuta kalamansa yadda ya faɗe su. Da izininsa, a ɗauki muryarsa ko bidiyo a waya, ya faɗi sunansa da ranar. Ɗan'uwan da zai yi gardama da takarda ba kasafai yake gardama da muryar mahaifinsa ba.

Mataki na huɗu: wakili ɗaya, da mataimaki

Babu takardar da za ta hango komai, saboda haka wanda zai yi magana a madadinsa ya fi takardar muhimmanci. Majinyacin ne zai zaɓa. Ba dole ya zama babban ɗa ba, ba dole ya zama mai biyan kuɗin asibiti ba. Ana neman wanda yake kusa, yake ɗaga waya da dare, zai iya yi wa likita tambaya, kuma zai iya faɗin abin da Baba ya so ko da shi kansa ba haka ya so ba. Sau da yawa matarsa ko 'yarsa da ke jinyar ita ce ta fi cancanta.

A sanar da zaɓin a gaban iyali, majinyacin na zaune. A gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku, kowane ɗaki ya samu wanda ya ji da kunnensa. Abin da ya fi wargaza shiri shi ne ɗan da ke nesa, wanda bai ga lalacewar jikin a hankali ba, ya sauka a makon ƙarshe ya ce a yi duk abin da za a iya. A riƙa tura masa labari da hoto tun da wuri.

Mataki na biyar: takardu biyu, kada a haɗa su

Ta farko wasiyyar dukiya. A fiƙihu ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. A rubuta basussuka, na kansa da waɗanda yake bi, da ajiyar mutane, da inda takardun gida da gona suke. In yana son yi wa wani kyauta, a kammala ta yanzu: a mazhabar Malikiyya, kyautar da ba a karɓa a hannu ba har mai bayarwa ya rasa hankali ko ya shiga ciwon ajali ta ɓaci. A ga lauya a kan banki da fansho, domin takardar wakilci ta yau da kullum takan faɗi da zarar mai ba da ita ya rasa hankali, wato daidai lokacin da ake buƙatarta. Riƙe katinsa na cirar kuɗi a ɓoye ba mafita ba ne, shi ke haifar da zargi ranar rabon gado.

Ta biyu wasiyyar jinya: sunan wakili da mataimakinsa, inda yake son a yi jinya, abin da ya yarda a yi masa da abin da bai yarda ba. Ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu da ba magada ba su sa nasu. In da hali, likita ya rubuta a ranar cewa ya duba shi ya same shi da hankalin yanke wannan shawara. Haƙƙin ƙin magani sananne ne a dokar Najeriya: Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a shari'ar Okonkwo a 2001, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta ambace shi. Sai dai asibitocinmu ba su saba da irin wannan takarda ba, don haka a kai wa likitansa kwafi ya sa a fayil, wakili ya riƙe ɗaya, a ajiye hotonta a waya. A sake duba ta duk shekara, ko bayan kowace kwanciya asibiti, muddin yana iya magana.

Kada a rubuta "kada a wahalar da ni" a tsaya. Kowa zai fassara shi yadda ya ga dama. A ambaci hali, a ambaci magani.

Mataki na shida: shawarwarin da za su taso

Wani bincike da aka buga a 2009 ya bi mutum 323 masu cutar a matakin ƙarshe a gidajen kula da tsofaffi na yankin Boston a Amurka. Cikin wata 18, fiye da rabi sun rasu. Kusan kashi 86 sun samu matsalar cin abinci, kashi 41 sun yi ciwon huhu, kuma kusan rabin waɗanda suka yi ciwon huhun ba su wuce wata shida ba. Wato abubuwan da za su zo sanannu ne, ana iya tsara musu.

Abinci shi ne mafi wuya. Cutar tana lalata haɗiya, sai ya riƙa tara loma a kumatu, yana ƙwarewa da ruwa, yana ramewa. Iyali sai su nemi robar hanci ko ta ciki. Abin da bincike ya nuna shi ne, a matakin ƙarshe na wannan cuta robar ba ta ƙara kwana, ba ta hana abinci ko yawu zarcewa huhu, ba ta warkar da gyambon kwanciya, kuma sau da yawa sai an ɗaure hannun mutum don kada ya fizge ta. Shi ya sa ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta fifita ciyarwa da hannu. Ga yadda ake yi: a zaunar da shi tsaye cak, haɓa ta ɗan sunkuya, ƙaramin cokali, loma ɗaya, a ga maƙogwaro ya motsa kafin ta biyu. Abu mai kauri da laushi kamar kunun gyaɗa, fate, dankali ko ayaba da aka dama ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana. A bar shi a zaune minti 30 bayan ci, a share masa baki. In ya kawar da kai ko ya datse haƙora a dakata, a dawo anjima. Ɗura haramun ce a nan, ita ke cika huhu. Malamai da yawa na ganin ci da sha haƙƙi ne da ba a yanke wa mai rai, don haka maganar roba a zauna da likita da malami tare, kuma kafin a sa ta, domin cirewa ta fi ƙin sawa nauyi a zuciya. Miƙa masa abinci da ruwa kuwa ba a daina shi.

Sai farfaɗo da zuciya da na'urar numfashi. Danna ƙirjin tsoho mai rauni yakan karya haƙarƙari, kuma da wuya wanda cutar ta kai ƙarshe ya tashi ya koma gida. In ba ya so, likita ya rubuta a fayil, in ba haka ba ma'aikacin da ke aikin dare zai yi abin da aka koya masa.

Ciwon huhu da na mafitsara ana iya maganinsu a gida da maganin sha. Kwanciya asibiti tana ƙara ruɗa mai wannan cuta: baƙon ɗaki, fitila duk dare, allurai. Akwai inda ta zama dole, kamar karayar ƙugu ko zafin da ya gagara a gida. A rubuta iyakar.

Zafin ciwo kuwa shi aka fi sakaci da shi, saboda ba ya iya cewa "nan ke min ciwo". A duba abu biyar: numfashi, nishi ko kuka, yamutsa fuska, ƙanƙame jiki ko dukan mai juya shi, da ko lallashi na kwantar da shi. Tsohon da ya fara faɗa lokacin wanka, a fara zargin ciwo, ko taurin bayan gida, ko riƙewar fitsari, kafin a ce aljanu ne ko rigima. Farasitamol a kan lokaci shi ne farko, likita ya daidaita shi da nauyin jiki. A guji diklofenak da danginsa saboda ƙoda da gyambon ciki. In zafi ko sarƙewar numfashi ya yi tsanani, morfin na ruwa da likita ya auna, aka fara da kaɗan, ba ya gaggauta mutuwa, amma sai an haɗa shi da maganin sassauta ciki. Magungunan kwantar da masu taɓin hankali suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga masu cutar mantuwa, ɗaya daga cikinsu, haloperidol, kuma na da haɗari ƙwarai ga mai nau'in cutar mantuwa da ake kira Lewy. Kada a saye su a kemis don a samu barci.

In ya ce a taimake shi ya mutu

Wasu na faɗin haka, musamman a watannin farko bayan an gaya musu sunan ciwon. Kada a tsawatar, kada a yi kamar ba a ji ba. A tambaye shi me yake gudu. Yawanci tsoron tozarta ne, ko zama nauyi, ko ciwon damuwa, wanda ake magani. A gaya wa likita a makon, a kwashe maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai.

A Najeriya kashe majinyaci ko taimaka masa ya kashe kansa laifi ne a dokar Penal Code ta Arewa da Criminal Code ta Kudu, yardarsa ba ta halatta shi. A Musulunci haramun ne, aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana kashe kai, Cocin Katolika da galibin coci-coci ma sun hana. Abin da addinan biyu suka bambanta da kisa shi ne barin maganin da ƙwararru suka tabbatar ba ya da amfani. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'ura ga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu gaba ɗaya, malaman fatawa na Saudiyya kuma sun yarda a bar farfaɗo da zuciya in ƙwararrun likitoci uku amintattu sun ce ba fa'ida.

Ko a ƙasashen da suka halatta taimaka wa majinyaci ya mutu, cutar mantuwa ce ta fi ba dokar wuya, kuma masu 'yan'uwa a can ya kamata su san bambancin. A jihar Oregon ta Amurka, tun 1997, sai mutum na da cikakken hankali kuma likitoci sun ce bai fi wata shida ya rage masa ba. Mai cutar mantuwa ba ya haɗa biyun: lokacin da yake da hankali ajali na nesa, lokacin da ajali ya matso hankali ya tafi. A Suwizalan ma sai da hankali, kuma mutum da hannunsa zai aikata. Beljiyam ta halatta a 2002, amma buƙatar da aka rubuta tun da wuri ba ta aiki sai mutum ya shiga suman da ba farkawa, don haka masu nema kan yi tun da sauran hankali, kamar marubucin ƙasar Hugo Claus a 2008. Lardin Kubek na Kanada ya fara karɓar buƙatar da aka rubuta tun da wuri a Oktoban 2024.

Holan, wadda dokarta ta fara aiki a 2002, ta yarda da rubutacciyar buƙata, kuma a can aka ga inda gizo ke saƙa. A 2016 wata likita ta aiwatar da ita ga mata mai shekara 74 da ke da Alzheimer. Takardar matar ta ce a yi lokacin da ita ta ga ya yi, amma a lokacin ba ta iya faɗin tsayayyar magana. An zuba mata maganin barci a kofi, da ta motsa ana cikin allura sai danginta suka riƙe ta. Kotu ta wanke likitar a 2019, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2020, amma likitocin ƙasar da dama sun fito sun ce ba za su yi wa wanda bai san abin da ake yi masa ba. Tambayar da ta rage ita ce, maganar wa za a bi, mutumin da ya rubuta jiya ko wanda ke zaune yau yana murmushi da jikokinsa? Wannan tambayar ta shafi wasiyyar jinya tamu ma. In ya rubuta kada a ba shi abu kaza, yau kuma ga shi yana buɗe baki yana jin daɗin kunu, a ba shi. Takarda na jagorantar abin da likita zai yi ko ya bari, ba ta zama dalilin hana mutum abin da yake nema a gabanka.

Kwanakin ƙarshe

Alamun su ne barci mafi yawan yini, daina ci da sha, raguwar fitsari, sanyin tafin hannu da ƙafa, numfashi mai tsayawa ya dawo, da ƙarar majina a maƙogwaro. Ƙarar ta fi damun masu jinya fiye da shi, a kwantar da shi ta gefe a ɗan ɗaga kansa. Ƙarin ruwa a wannan lokaci yakan kumbura jiki ya ƙara majina. Abin da ke rage ƙishi shi ne jiƙa baki da auduga ko tsumma mai tsabta a kai a kai, da shafa man kaɗe ko basilin a leɓe. Kada a zuba ruwa, ko na Zamzam ne ko rubutu, a bakin wanda ba ya haɗiya, a ɗiga a auduga a shafa. A riƙa juya shi kamar duk awa biyu, ana duba ƙugu da diddige da ƙashin baya, sai in juyin ya zama azaba a sa'o'in ƙarshe. A tambayi likita waɗanne magunguna za a tsayar, da yadda za a ba da na zafi in haɗiya ta gagara. Kalmar shahada a faɗe ta kusa da kunnensa a hankali, ba a matsa masa sai ya maimaita.

A raba kwana tsakanin mutum biyu ko uku, domin mai jinya ɗaya da ta yi wata ba barci ita ce za ta ruɗe da ƙarfe biyun dare ta sa a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa, inda ba wanda ya san da wasiyya. A manna lambar wakili da ta likita ko nas a bangon ɗakin, a gaya wa duk mai kwana abin da aka tsayar da wanda zai fara kira. A kuma tambayi likitan tun yanzu yadda za a samu takardar shaidar rasuwa in ya cika a gida, domin banki da ofishin fansho za su neme ta.